Albashin malamin yara masu buƙata ta musamman a Amurka, da abin da ke saura bayan fansho, haraji da haya

Hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka ta ce a watan Mayun 2023 albashin da ke tsakiya na malaman yara masu buƙata ta musamman dala 65,910 ne a shekara. Rabinsu na samun sama da haka, rabi ƙasa. Duk wanda ya juya wannan kuɗi zuwa naira ko sefa zai ce mai wannan aiki ya yi sallama da talauci. Amma kusan babu jihar da ba ta kukan ƙarancin waɗannan malamai a kowace shekara, kuma da yawa daga waɗanda aka samu ba sa daɗewa, sai su koma ajin yara na gama-gari ko su bar koyarwar dungurungum. Dalilin yana cikin lissafin da ba a bugawa a takardar neman ma'aikata: nawa ake yankewa kafin kuɗin ya iso hannu, nawa mai gida zai karɓa, kuma awa nawa ake yi a zahiri kafin a ci wannan albashi.

Zan tsaya a kan ƙaramar sakandare, wadda a yawancin jihohi take ɗaukar aji 6 zuwa 8, yara 'yan shekara 11 zuwa 14, domin a nan ne aikin ya fi cin lokacin da ba a biya.

A makarantun gwamnati ba a cinikin albashi tsakanin malami da shugaban makaranta. Kowace gundumar makarantu tana da jadawalinta, kuma a bayyane yake, kowa na iya saukewa daga shafinta na intanet. Jadawalin yana tafiya ta fuska biyu. Daga sama zuwa ƙasa matakai ne na shekarun aiki, kowace shekara a hau ɗaya. Daga hagu zuwa dama kuma layuka ne na takardar shaida: digiri na farko, digiri na biyu, digiri na biyu da ƙarin kwasa-kwasai. Inda shekarunka suka haɗu da takardarka, nan ne albashinka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a galibin gundumomi malamin da ke kula da yaro mai galahanga wanda ba ya magana, da malamin da ke koyar da tarihi, jadawali ɗaya suke ci. In shekarunsu da takardunsu ɗaya ne, kuɗinsu ɗaya ne, ko da kuwa ɗayan ya yi ƙarin jarrabawa da ƙarin lasisi kafin a bar shi ya shiga ajin.

Dokar tarayya da ake kira IDEA, wadda asalinta ya faro a 1975, ita ce ta wajabta wa makarantun gwamnati ba kowane yaro mai nakasa ilimi kyauta daidai da buƙatarsa. Yaran da ke ƙarƙashinta sun haura miliyan 7, kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati. Majalisa ta yi alkawarin ɗaukar har kashi 40 cikin ɗari na ƙarin kuɗin da wannan ilimi ke ci, amma ba ta taɓa zuwa ko kusa ba. Abin da take bayarwa bai kai rabin alkawarin ba. Gibin yana faɗawa kan jihohi da gundumomi, su kuma hanya mafi sauƙi a gare su ita ce su ƙara wa malamin da ke nan yawan yara maimakon su ɗauki wani.

Kowane yaro yana da kundinsa na musamman, wanda kowa a makaranta yake kira IEP. Takarda ce mai ƙarfin doka: matsayin da yaron yake yanzu, burin da ake so ya cimma a shekara, minti nawa na taimako zai samu a mako, da irin sassaucin da za a yi masa a jarrabawa. Dole a sabunta ta aƙalla sau ɗaya a shekara tare da iyaye, a kuma sake auna yaron duk shekara uku. A Kalifoniya doka ta ƙayyade cewa malamin da ke bin irin waɗannan yara aji-aji kada ya riƙe fiye da kundi 28. Ka ɗauka yana da 28 ɗin. Zama 28 ke nan a shekara aƙalla, kowanne da awannin rubutu kafinsa da bayansa, ga rahoton ci gaba da ake tura wa iyaye duk zango, ga zaman gaggawa idan aka dakatar da yaro fiye da kwana 10, domin doka ta ce sai an zauna an duba ko laifin da ya yi yana da nasaba da nakasarsa.

A firamare yaro yana da malami ɗaya, magana da mutum ɗaya ake yi. A ƙaramar sakandare yana da shida ko bakwai, kowa da darasinsa. Mai riƙe da kundin shi zai bi malamin lissafi ya tabbata an ba yaron ƙarin lokaci, ya bi na kimiyya ya tabbata an karanta masa tambayoyin, ya tattara maki daga kowa kafin ranar zama. Ga shekarun balaga, lokacin da yaro ya fara jin kunyar a gan shi ana fitar da shi daga aji, kuma matsalar ɗabi'a take ƙaruwa. Awa ɗayan da aka ware wa malami don shirya darasi a nan take ƙarewa. Ranar da mataimakiyar aji ba ta zo ba, kuma suna yawan barin aikin saboda nasu albashin ya fi muni, har lokacin cin abincinsa yakan tafi.

Duk wannan ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansa, don dokar ƙwadago ta tarayya ta cire malamai daga cikin masu haƙƙin wannan kuɗi. A Tekzas kwantiragin wata goma kwana 187 ne. Kwana 187 sau awa 8 ya ba da awa 1,496. Mai albashin dala 60,000 yana cin kusan dala 40 a awa ke nan. In ya ƙara awa 10 a mako a gida yana rubuta kundi, na tsawon mako 37, awanninsa sun koma 1,866, kuɗin awa ya sauko zuwa dala 32. Ba a rage masa ko sisi a takarda ba, amma kashi ɗaya cikin biyar na darajar lokacinsa ya tafi.

Yanzu a bi kuɗin daga sama. A ɗauki malami marar aure, marar yara, mai dala 60,000 a Tekzas, da ƙa'idojin harajin 2024. Asusun fanshon malamai na jihar yana yanke kashi 8.25 cikin ɗari, dala 4,950. Akwai wani kashi 0.65 na lafiyar 'yan fansho, dala 390. Medicare, shirin inshorar lafiyar tsofaffi na tarayya, yana ɗaukar kashi 1.45, dala 870. Harajin tarayya, bayan an cire fansho da rangwamen dala 14,600 da ake yi wa kowa, zai kama kusan dala 4,600. Tekzas ba ta karɓar harajin albashi na jiha. Abin da ya rage kusan dala 49,200 ne, wato dala 4,100 a wata, kuma ba a taɓa inshorar lafiya ba tukuna.

A ɗauki wani kuma a Kalifoniya mai dala 75,000. Fanshon malamai a can yana yanke sama da kashi 10 kaɗan, kusan dala 7,650. Medicare dala 1,090. Harajin tarayya kusan 6,650, domin wani ɓangare na kuɗinsa ya shiga matakin kashi 22. Harajin jiha kusan 2,250. Saura dala 57,300 da 'yan kai, kusan 4,800 a wata. Tazarar dala 15,000 da ke takarda ta koma dala 700 a wata a hannu. Idan na Tekzas yana biyan hayar ɗaki da falo dala 1,300, na Kalifoniya kuma yana yankin San Faransisko inda irin wannan gida yake haura 2,500, to na farkon yana da 2,800 bayan haya, na biyun 2,300 ko ƙasa. Mai ƙaramin albashi ya fi mai babba abin kashewa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Hukumar nazarin tattalin arziki ta Amurka tana fitar da ma'aunin tsadar rayuwa na kowace jiha, inda 100 ke nufin matsakaicin ƙasa. Kalifoniya tana kusan 112, Misisifi da Arkansas kusan 87. Hanyar amfani da shi mai sauƙi ce: raba albashi da ma'aunin, ka ninka da ɗari. Dala 75,000 a Kalifoniya ta koma kusan 67,000, dala 55,000 a Arkansas ta koma kusan 63,000. Sai dai ina gargaɗi a kan dogaro da ma'aunin jiha kaɗai. Kalifoniya ɗaya ce ta ƙunshi San Faransisko da Fresno, kuma hayarsu ba ta ko kama hanyar juna. Malami a unguwa yake zama, ba a matsakaicin jiha ba. Abin da ya fi amfani shi ne a duba hayar gidajen da ke cikin tafiyar minti talatin daga makarantar, a gwada da albashin matakin da za a ɗora ka a kai.

Ma'aikatar gidaje ta ƙasar tana ɗaukar duk wanda haya ke cin fiye da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigarsa a matsayin wanda haya ta danne. Ga mai dala 50,000, iyakar ita ce 1,250 a wata. Masu gidaje kuma suna da tasu ƙa'idar: yawanci sai albashin wata ya ninka haya sau uku, a birnin New York kuwa sai albashin shekara ya ninka hayar wata sau 40. Gidan dala 2,500 a can yana neman mai dala 100,000, abin da sabon malami ba ya samu. Sai ya haɗa gida da wasu, ko ya koma nesa ya riƙa tuƙin awa ɗaya. Nisan nan yana da farashi biyu, na mai da inshorar mota, da kuma na zaman iyaye da ake sawa ƙarfe bakwai na safe ko bayan an tashi. Abin ya kai ga wasu gundumomi sun zama masu gidan haya da kansu. A Kalifoniya, gundumar Santa Clara ta gina wa malamanta gidaje tun farkon shekarun 2000, wata gunduma a Daly City ta buɗe gidaje 122 a 2022, a shekarar ce kuma gundumar Milpitas ta roƙi iyayen yara su ba malamai hayar ɗaki a gidajensu. Ni a ganina ranar da makaranta ta fara roƙa wa malaminta wurin kwana, ta amsa da bakinta cewa albashin bai isa ba.

Inshorar lafiya ita ce ramin da ya fi kama masu iyali. Kuɗin mutum ɗaya yakan zo da sauƙi, wani wurin ma gunduma ce ke biya duka. Da zarar an ƙara mata ko miji da yara, labari ya canza. A Tekzas mafi ƙarancin abin da doka ta ɗora wa jiha da gunduma su haɗa dala 225 ne a wata, adadin da aka sa tun farkon shekarun 2000, alhali kuɗin inshora ya ninka. Malami mai iyali a can yana iya ganin an yanke masa dala dubu ko fiye kowane wata. Gundumomi biyu maƙwabta masu albashi iri ɗaya suna iya bambanta da dubban daloli a shekara ta wannan kaɗai. In akwai jariri kuma, kuɗin gidan raino a manyan birane yakan haura dala dubu a wata.

Fansho ma yana da nasa tarko. Kusan kashi 40 cikin ɗari na malaman gwamnati ba sa cikin tsarin fanshon tarayya na Social Security, ciki har da na Kalifoniya, Ohio, Illinois, Massachusetts da galibin na Tekzas. Ba a yanke musu kashi 6.2 ɗin da ake yanke wa sauran ma'aikata, amma asusun jiha yana ɗaukar fiye da haka: kashi 9 a Illinois, kashi 14 a Ohio. Kuma ba ka da haƙƙin fanshon sai ka cika wasu shekaru, biyar a jihohi da yawa, goma a wasu. Wanda ya gaji ya tafi a shekara ta huɗu, kuɗin da aka yanke masa kawai zai karɓa, wani lokaci da ɗan ruwa, kason gwamnati kuma ya zauna a asusu. Tunda malaman wannan fanni sun fi saurin barin aiki, su suka fi faɗawa wannan asara. Haka kuma a kula da dillalan da ke zuwa ɗakin malamai suna tallar asusun ajiyar ritaya na ganin dama da ake kira 403(b). Da yawa daga abin da suke sayarwa yana da caji mai nauyi da tarar cire kuɗi da wuri.

Akwai wuraren da suka gane cewa jadawali ɗaya ga kowa ba zai cike gurbin ba. Hawai ta fara biyan ƙarin dala 10,000 a shekara ga malaman wannan fanni daga Janairun 2020, da wani ƙarin dala 3,000 zuwa 8,000 ga masu aiki a yankunan da ake wahalar samun malamai, kuma ana iya haɗa biyun. Guraben da babu malami mai lasisi sun ragu, musamman saboda malaman da suke da lasisin amma suka ɓuya a ajin gama-gari sun dawo. Gundumar birnin Detroit ta sa dala 15,000. Wannan ya nuna cewa malaman suna nan, farashin ne bai yi musu ba. A mafi yawan wurare dai alawus ɗin bai wuce dala dubu ɗaya zuwa uku ba, wanda bayan haraji ba ya biyan hayar wata biyu. Kafin a yi murna da kowane alawus, tambaya uku: na kowace shekara ne ko na sa hannu ne sau ɗaya, yana shiga lissafin fansho, kuma za a ce ka mayar idan ka tafi kafin wa'adi?

Wasu jihohin ƙasan jadawalin suka ɗaga. Arkansas ta kai mafi ƙarancin albashi dala 50,000 a 2023 daga 36,000, Maryland ta sa 60,000 daga Yulin 2026. Wannan alheri ne ga sabon shiga, amma yana haifar da wata matsala: idan an ɗaga ƙasa ba a taɓa sama ba, mai shekara goma sai ya ga tazararsa da sabon ɗauka 'yan dubbai ce. Don haka kada a tsaya kan mataki na 1. A duba mataki na 10 da na 20, a ga shekara nawa ake ɗauka kafin a kai ƙololuwa, a kuma tambaya ko an taɓa daskarar da matakai a shekarun baya. Digiri na biyu ma sai an yi lissafi: idan zai ci dala 20,000 kuma layinsa yana ƙara 2,500 a shekara, shekara takwas kafin ya mayar da kuɗinsa. North Carolina ta soke ƙarin digiri na biyu ga sababbin masu shi tun 2013, amma tana ƙara kashi 12 cikin ɗari ga mai shaidar ƙwarewa ta hukumar ƙasa. Maryland tana ba mai wannan shaida dala 10,000, da ƙarin 7,000 idan yana makarantar da ke baya a sakamako.

Inda malamin wannan fanni ya fi takwarorinsa samun sauƙi shi ne bashin karatu. Gwamnatin tarayya tana yafe masa har dala 17,500 bayan cikakkun shekaru biyar a jere a makarantar 'ya'yan talakawa, alhali yawancin malamai 5,000 ake yafe musu. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne cikakken lasisi. Shekarun da aka yi da lasisin wucin gadi ba sa shiga. Akwai wani shirin na ma'aikatan gwamnati da ke yafe duk abin da ya rage bayan biya 120, wato shekara goma. Shekarun da aka ƙirga a shiri ɗaya ba a sake ƙirga su a ɗayan. Wanda bashinsa ya kai dala 60,000 ya karɓi na shekara biyar ɗin, agogonsa na shekara goma zai fara ne daga sifili, ya yi asara. Mai ƙaramin bashi ne na farkon ya dace da shi. Tallafin TEACH kuma, wanda gwamnatin tarayya ke ba masu karatun malanta, har dala 4,000 a shekara lokacin karatu, yana rikiɗewa ya zama bashi da ruwansa tun daga ranar da aka karɓa, idan ba a yi shekara huɗu ana koyarwa cikin takwas ba.

Kayan aji ma daga aljihu suke fita: katunan hoto, abin toshe kunne ga yaron da hayaniya ke firgitawa, 'yan kyaututtukan ƙarfafa gwiwa. Abin da aka yarda a cire daga kuɗin da ake ɗora wa haraji a 2024 dala 300 ne, wanda ga mai biyan kashi 12 ya zama sauƙin dala 36.

Hutun bazara ba hutu ne mai albashi ba. Kuɗin wata goma ne, wasu gundumomi su raba shi gida 12, wasu su biya cikin goma su bar ka da Yuli da Agusta. In na goma ne, sai a ware kashi ɗaya cikin shida na kowane albashi. Malamin wannan fanni yana da wata ƙofa a nan, domin doka ta tanadi karatun bazara ga yaran da za su manta abin da suka koya idan aka yi dogon hutu, kuma ana biyan wannan aiki da awa, na 'yan makonni.

Sauya wurin aiki yana da tsada fiye da yadda ake zato. Gundumomi da yawa suna ƙayyade shekarun da za su amince da su daga waje, sai mai shekara 15 ya tsinci kansa a mataki na 8 ko na 10. Ƙetare jiha kuma yana nufin sabon lasisi, wani lokaci sabuwar jarrabawa, da sabon agogon fansho.

Wannan ya fi shafar malaman da ake ɗaukowa daga ƙasashen waje don cike waɗannan guraben, galibi daga Filifin, da wasu daga Afirka. Bizar musayar malamai ta J-1 tana neman digiri da gogewar shekara biyu, tana ba da shekara uku, ana iya ƙara har biyu. A 2025 an tsaurara shiga Amurka ga 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan, kuma jerin yana canzawa, don haka ofishin jakadanci ake fara tambaya kafin a ba kowane dillali ko kwabo. Kamfanonin da ke haɗa wannan tafiya suna cajin dubban daloli, kuma makarantun da suka fi nema suna ƙauyuka ne inda babu motar haya, dole a sayi mota. Sabon zuwa ba shi da tarihin bashi a ƙasar, saboda haka mai gida yana iya neman ajiya mai kauri ko wanda zai tsaya masa, albashin farko kuma yakan ɗauki wata ɗaya ko fiye kafin ya fito. Kafin a sa hannu a nemi a ga mataki da layin da za a ɗora mutum a rubuce, da adadin kundin yaran da zai riƙe, da takardar da ke nuna abin da za a yanke na inshorar iyali a kowane wata. Idan aka ce za a tantance matakin bayan ya iso, to ya yi lissafinsa da mataki na 1.